Jan Baki da Baƙin Suna: Mata da Taba a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda wani reshen titi ya balle ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Doguwa zuwa Jos. A irin wannan mahaɗa ba a rasa mai shayi, ba a rasa mai tebur da kwalayen sigari a jere, ba a kuma rasa direba ko ɗan kamasho da kara a baki. Ba mai waiwayensu. Amma da mace za ta tsaya gaban teburin nan ta ce a ba ta kara ɗaya da ashana, ta kunna a wurin, kafin la'asar labari ya kai Kiru da Bebeji. Kuma ba wanda zai tsaya jimamin huhunta. Abin da za a tambaya shi ne 'yar gidan wa ce, sannan wa zai aure ta.

In ka nemi dalili, amsa biyu za ka ji. Wasu su ce addini ne ya hana. Wasu su ce ai Bahaushiya ba ta taɓa sanin taba ba, lalacewar zamani ce ta kawo. Dukkan amsoshin akwai gyara a cikinsu. Matan ƙasar Hausa sun daɗe da taba, sun yi ado da ita, sun sa ta a baki, sun sayar da ita. Abin da al'ada ta hana su tun asali shi ne hayaƙinta, kuma dalilin hanin bai da alaƙa da lafiya.

Muna da shaidar wani baƙo da ya gani da idonsa. A watan Janairun 1824 Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya, ya shigo Kano daga Barno ya yi makonni yana zaga kasuwa yana rubuta abin da ya gani. A kan taba ya lura da abubuwa uku. Maza da mata suna rina haƙora da leɓɓa da furen taba har su yi ja, kuma ana ganin hakan kyau ne. Maza da mata suna sa garin taba da aka haɗa da kanwa a baki, har ya kwatanta da Barno inda ya ce ba a yarda mata su yi ba. Sai na ukun, wato busa hayaƙi, wanda ya ce ya zama ruwan dare a tsakanin maza, amma mata ba a ba su wannan dama ba. Shekara biyu da rabi bayan haka, a Yulin 1826, ya sake dawowa ta kudu, daga Zariya, ya yada zango a Bebeji. Ya same shi babban gari mai ganuwa, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 20,000, akasarinsu masu saye da sayarwa. Gari irin wannan, a kan hanyar fatake, duk abin da ake yayi a kasuwar Kurmi ta Kano ba ya daɗewa bai iso shi ba.

A duba wannan rabo da kyau, domin shekara 200 ke nan, kuma har yau kusan a kansa muke. Ganye ɗaya ne, daga gona ɗaya. Furensa ado ne, garinsa abin marmari ne na kowa, hayaƙinsa na maza ne.

Fure ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don 'yan matan yanzu da yawa ba su ma san an yi ba. Furen taba ake samowa, mace ta goga shi a haƙoranta, ta haɗa da goro, a hankali haƙoran su rine su yi ja mai duhu. A jerin kayan kwalliya yake, tare da lalle da tozali da turare. Budurwa ta ci fure ranar kasuwa, amarya ta ci, uwargida ta ci ranar suna, babu mai cewa uffan, sai ma yabo. Kuma fure ba ya tafiya sai da goro, goro kuwa shi ne arzikin wannan yanki. Agalawan Bebeji da Madobi sun yi suna a fataucin goro daga Gwanja, a cikinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Ke nan jan bakin matan wancan zamani yana tsaye ne a kan kasuwanci mai nisan zango: goro daga kurmin ƙasar Ashanti, kanwa daga wajen Barno da tafkin Chadi, taba daga fadamun gida. Abin da ya kashe yayin fure ba wa'azi ba ne, ba kuma likita ba. Ido ne ya sauya. Farin haƙori ya zama shi ne kyau, makilin da buroshi suka shigo, jan haƙori ya koma alamar tsufa da ƙauyanci.

Garin taba shi bai mutu ba, ya dai ja da baya. Har yanzu akwai tsofaffin da ke ƙulle shi a gefen zane ko a ɗan batta, su ɗiba su sa a ƙasan leɓe, wasu su shaƙa. In ka tambaya, a ce maganin ciwon haƙori ne, ko na mura, ko na kasala. Kanwar da ake haɗa shi da ita ba don ɗanɗano kaɗai ba ce, ita ke sa sinadarin nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki ya shiga jini. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin ba, amma sun gano dabarar. A wajen Buzaye ma haka abin yake, maza da mata suna tauna taba da toka ko kanwa ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

To batun addini fa? Taba baƙuwa ce a duniyar Musulmi. Daga nahiyar Amurka ta fito, Turawa suka tsallako da ita bayan 1492, kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta iso Afirka ta Yamma. Da yake ba ta zo a zamanin magabata ba, malamai sai suka yi ta kai ruwa rana a kanta, kuma malaman yankinmu na cikin na gaba-gaba a muhawarar. Ahmad Baba na Tambutu, wanda Marokawa suka kwashe zuwa Marrakesh bayan sun ci Songhai, ya ba da fatawa a 1607 cewa halas ce tunda ba ta gusar da hankali. A Masar, manyan malaman Malikiyya biyu suka saɓa: Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, Ali al-Ujhuri ya halatta. A ƙarshen ƙarni na 17 wani malami Bafulatani na ƙasar Bagarmi, Muhammad al-Wali, ya yi rubutu mai zafi yana haramta ta. A ƙarni na 19 daular Masina ta Shehu Ahmadu ta hana taba a ƙasarta, shehunan Kunta na Tambutu kuwa suka ƙi bin wannan ra'ayi. Ɗarikar Tijjaniyya, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙasar Kano, ta hana muridanta shan taba. A zamaninmu kuma, da cutarwarta ta tabbata a wajen likitoci, mafi yawan malamai sun karkata ga haramci.

Abin lura shi ne hujjojin da aka yi ta jefawa: tana sa maye ko ba ta sawa, tana wari, ɓarnar dukiya ce, tana cutar da jiki, bidi'a ce. Babu ɗaya a ciki da ya ware mace. In haram ce, haram ce a bakin Malam da bakin Malama. In makaruhi ce, haka nan. A Masar da Sham, inda mata suka saba da tukunyar taba a cikin gidajensu, malaman fiƙihu na baya har sun tattauna ko miji na da ikon hana matarsa saboda wari, da kuma ko tabar na shiga cikin ciyarwa idan mace ta saba da ita. A Iran, da Sarki Nasiruddin Shah ya sayar wa wani Baturen Ingila ikon cinikin tabar ƙasar kacokan a 1890, aka fitar da fatawa da sunan Mirza Hasan Shirazi a ƙarshen 1891 cewa kowa ya daina sha. Abin da ya nuna wa sarkin cewa ruwa ya ƙare wa ɗan kada shi ne matan fadarsa ma sun ajiye tukwanensu. A farkon 1892 aka soke yarjejeniyar. Matan gidan sarautar Musulmi ke nan, suna sha a fili a cikin gida, har ƙauracewarsu ta zama makamin siyasa.

Saboda haka mutumin da ke busa hayaƙi a ƙofar gida yana kuma tsine wa mace mai sha da sunan addini, ba hukuncin fiƙihu yake karantowa ba. Laifi tudu ne.

A ganina tushen hanin kunya ce, kuma kunyar Bahaushe ta fi damuwa da abin da ido zai gani. Mace mai kunya ba ta cin abinci a kan hanya, ba ta ɗaga murya a gaban surukai, ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Ba wai ba ta jin yunwa ko ba ta san sunan ba ne, nunawa ce ba a so. Garin taba yana zaune a cikin baki shiru. Lofe kuwa yana son wuta, yana son zama, yana son abokan hira, hayaƙinsa kuma ya tsallake katanga ya gaya wa maƙwabta. Kayan dandali ne da zaure da inuwar kasuwa, wuraren maza. Macen da ta ɗauke shi ta nuna sha'awarta a fili, ta kuma zauna irin zaman maza. Wannan ne laifinta. A wasu ƙasashen Afirka an yi rabon ta wata fuska dabam: a wajen Xhosa na Afirka ta Kudu, doguwar tukunyar taba alamar girma ce ga matar aure da ta manyanta.

Zuwan sigari ne ya mai da wannan tsohon rabo tabo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin ya bi ta Dangora da Yako da Madobi, kayan kanti suka fara gangarowa ƙauye. Kamfanin British American Tobacco, wanda ya fara da shigo da sigari daga waje, ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, ta ƙara masana'anta a Fatakwal a 1956, sannan a Zariya a 1959, tana ba manoman Arewa iri da bashi tana sayen ganye. Zariya ba nisa daga Kiru da Tudun Wada. Sojojin da suka dawo daga Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun dawo da sabon da aka koya musu a fagen daga, inda sigari ke cikin guzurin soja. Taba ta fita daga hannun tsoho mai lofe a gindin bishiya, ta koma hannun direba da soja da ma'aikacin reluwe da leburan kuza. Ta zama kayan bariki.

Bariki kuwa yana da matansa. A sansanonin haƙar kuza, irin na ƙasar Jos da na Riruwai a Doguwa, da tashoshin mota da na jirgi, aka samu gidajen magajiya, inda zawarawan da suka ƙi komawa aure da matan da suka gudo daga auren dole ke zaman kansu. A daidai wannan lokaci kulle yana ƙara bazuwa a karkarar Kano da Zazzau, domin bayan an daina bauta matan talakawa ma sun janye daga gona, zama a gida ya zama alamar 'yanci da mutunci. Sai mata suka kasu gida biyu a idon jama'a fiye da da: ta cikin gida da ta waje. Ta waje ita ce ke zama da maza a fili, ta yi caca, ta yi raha, ta kunna sigari. Mai yiwuwa ma da gangan take kunnawa, don ta shaida wa duniya cewa ba ta ƙarƙashin kowa. Daga nan karan sigari a hannun mace ya zama tambari. Ba a ce tana cutar kanta, sai a ce ta fi ƙarfin iyayenta.

Akwai wata kafa ɗaya da al'ada ta bari, mai ban sha'awa. A wajen 'yan bori akwai iskokin da ake kira Turawa ko sojoji, waɗanda suka bayyana a zamanin mulkin mallaka, kuma sigari na cikin abin da suke nema in sun hau. Macen da irin wannan iska ya hau kanta tana iya zuƙa a tsakiyar fage, taro na kallo, ba a ce ta yi abin kunya ba, tunda ba ita ba ce, mai hawan ne. In ya sauka ta koma ita. Ko a nan an yarda cewa sigari na baƙo ne kuma na namiji.

Finafinan Hausa sun gaji wannan tambari ba tare da sun sake shi ba. In darakta na son ya gaya maka cewa yarinya ta lalace, ba ya buƙatar dogon bayani: ya cire mata mayafi, ya sa mata kara a hannu. Mai kallo a Bebeji ya gane nan take. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a fim da bidiyon waƙa, abin da zai ɗan taƙaita wannan gajeriyar hanya.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka yi wannan tunani. A ƙarni na 19 Turawan Ingila da Amurka ma karuwanci suke gani a sigarin mace. A Janairun 1908 majalisar birnin Niyok ta kafa dokar hana mata shan taba a wuraren jama'a, har aka kama wata mata washegari, kafin magajin gari ya soke dokar bayan mako biyu. Abin da ya rushe katangar a can kasuwa ce. Injin naɗe sigari da James Bonsack ya ƙera a farkon shekarun 1880 ya sa ana yin sigari fiye da yadda maza za su iya shanyewa, kamfanoni suka duba suka ga rabin jama'a ba sa saye. A 1924 aka fito da Marlboro a matsayin tabar mata, tun kafin a mai da ita ta makiyayan shanu masu faffaɗar hula. Lucky Strike ta riƙa gaya wa mata cewa kara ɗaya ya fi alewa in ana son a rage ƙiba. A 1929 shugaban American Tobacco Company, George Washington Hill, ya ɗauki Edward Bernays, gwanin sarrafa ra'ayin jama'a, shi kuma ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon bikin Ista a Niyok, aka sanar da 'yan jarida tun da wuri cewa wutar 'yanci za a kunna. A 1968 Philip Morris ya fito da Virginia Slims, siririya, ta mata zalla, ya jingina tallarta da fafutukar 'yancin mata.

Dabarar ta ci. Zuwa 1965 kusan mace ɗaya cikin uku a Amurka tana shan sigari. Sakamakon ya biyo baya da jinkirin da aka san cutar da shi: a 1987 sankarar huhu ta zarce sankarar mama a yawan matan da take kashewa a ƙasar. Matan sun sami 'yancin da aka yi musu talla, kamfanoni sun sami kuɗi, kuma tun 1950 binciken Richard Doll da Bradford Hill a Ingila ya riga ya danganta sigari da sankarar huhu.

In aka ɗora wannan tarihi a kan namu, dole a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu sukar al'ada daɗi ba: tsangwamar da Bahaushe ya yi wa mace mai shan sigari ta tsare huhun miliyoyin mata. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2012, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna kashi 7.3 cikin 100 na mazan Najeriya ke shan mai hayaƙi, mata kuwa kashi 0.4. A taba marar hayaƙi, ta sawa a baki ko shaƙawa, maza kashi 2.9, mata kashi 0.9. Wato matan da ke amfani da gari sun ninka masu busawa fiye da sau biyu. Rabon da Clapperton ya gani a kasuwar Kano yana nan a cikin alƙaluman gwamnati.

Sai dai kariya ce da aka samu a kan kuskure, kuma irin wannan kariya tana da ramuka. Na farko, su kansu alƙaluman. Ma'aikacin ƙididdiga ya shigo gida, mai yiwuwa maigida na zaure, kishiya na tsakar gida, ya tambayi mace ko tana shan taba. Wace amsa ake jira? Adadin na gaskiya ƙarami ne, ba shakka, amma da wuya ya zama daidai da abin da aka rubuta. Na biyu, tunda abin da ake gudu gani ne ba cuta ba, duk abin da ba ya hayaƙi ya tsira daga tsangwama. Tsohuwa mai gari a leɓe ba wanda ke ce mata komai, alhali an tabbatar taba marar hayaƙi na jawo sankarar baki da ta maƙogwaro, ga kuma illa ga mai ciki da abin da ke cikinta.

Ramin da ya fi zurfi shi ne wanda ya bayyana a shekarun baya-bayan nan. Rahoton shaye-shaye na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A maganin tari mai kodin tazarar maza da mata ta kusan ɓacewa. A shekarar ce BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda kodin ya yi katutu a Kano, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Ba ina cewa hana mata sigari ne ya tura su ga kwalba ba, dalilan shaye-shaye sun fi haka yawa: auren da ba daɗi, zawarci, zaman banza, ƙawaye. Amma a duba abin da mace ta zaɓa in ta faɗa. Ta zaɓi abin da ba ya wari, ba ya hayaƙi, ana iya juye shi a robar lemo a sha a gaban uwar miji. Al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta mata cewa babban laifi shi ne a gan ki, ta koya musu ɓuya.

Ɓuya kuma ita ke hana magani. A Kiru gwamnatin jiha ke da cibiyar gyaran tarbiyyar masu shaye-shaye. Uba kan iya kama hannun ɗansa namiji ya kai shi irin wannan wuri, jama'a su ce ya yi ƙoƙari, yaron ya fito a yi masa aure. 'Ya mace kuwa lissafin dabam ne, don ranar da aka ji an kai ta, ranar aka rufe ƙofar manema, har ƙannenta abin zai shafa. Sai a rufe ta a ɗaki, a kira mai ruƙiyya, a ce iska ce. Tabarmar kunya, in ji Hausawa, da hauka akan naɗe ta.

Shisha ta shigo ta wata ƙofar. Ba ta da tarihin bariki a bayanta, ba ta tuna wa kowa gidan magajiya. Daga Dubai da Masar da Saudiyya aka ganta, ƙasashen da muke girmamawa, tana ƙamshin tuffa da na'ana'a, tukunyarta kamar kayan jere. Yarinyar da ba za ta taɓa riƙe karan sigari ba tana iya karɓar bututun shisha a wajen bikin ƙawa, ta ce ai ruwa ya tace hayaƙin. Bai tace ba. Tun 2005 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kusan awa guda mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da ya kai yawan na karan sigari 100 ko fiye, ga hayaƙin gawayi a kai. Tanzaniya ta hana ta a 2016, Ruwanda da Kenya a 2017, a Kano kuma Hisbah ta sha kai samame wuraren shanta. Abin ya fi yawa a birni, amma ɗalibar da ta je karatu Kano ko Zariya hutu take dawowa gida, wayar da ke nuna mata masu busawa cikin ado kuma tana kamawa a garin Tiga kamar yadda take kamawa a unguwar Nasarawa ta birnin Kano. Aikin da Bernays ya yi da 'yan mata a titin Niyok, yau ana yin sa kyauta a TikTok. Kamfanin da ya kalli kashi 0.4 kuwa kasuwa yake gani da ba a taɓa ba, irin wannan hange na kamfanoni ne ya sa tun a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe ranar yaƙi da taba ta 31 ga Mayu ga batun tallata wa mata.

Dokoki akwai su. An yi dokar soja ta 1990 kan shan taba zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. A 2007 Kano na cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu. Dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara, ta hana sha a wuraren jama'a. Kowa ya san iyakar inda ake bin su.

Amma macen da taba ta fi cutarwa a Bebeji ko Doguwa ba mai shisha ba ce, ba kuma 'yar bariki ba. Matar aure ce mai kunya wadda ba ta taɓa kunna kara ba. A 1981 wani likitan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa sakamakon bin diddigin dubban matan aure marasa shan taba, ya gano waɗanda mazansu ke sha sun fi kamuwa da sankarar huhu, kuma haɗarin na ƙaruwa da yawan abin da mijin ke sha. Japan ta lokacin ta yi kama da mu a wannan fuska, maza na sha, mata ba sa sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wani ya busa. A ɗora wannan a kan ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga, a lokacin hunturu da aka toshe ko'ina, da jariri a kan gado, da matar da ta riga ta wuni tana shaƙar hayaƙin itace a murhu. Kunyar da ta hana ta sha ita ce kuma ta hana ta cewa, "Malam, don Allah a fita waje da ita." In ta faɗa, ta yi rashin kunya. In ta kai ƙara wajen uwar miji, a ce mata haƙuri ake yi da namiji.

Wurin da ake da damar kama wannan duka shi ne awon ciki, don nan ne kusan kaɗai matar karkara ke zama da ma'aikaciyar lafiya ba namiji a kusa. Sai dai tambayar da ke rubuce a takarda, ko tana shan taba, a kunnen Bahaushiya zagi ce, amsarta kuma a shirye take tun kafin a gama. Ungozomar da ta san mutanenta ba haka za ta tambaya ba. Za ta rage murya ta ce, "Maman Sadiya, maigidan yana sha? A ɗaki ko a waje? In haƙori ya dame ki, Inna tana ba ki gari ki sa? Da kika je biki birni, an kawo tukunyar nan mai ƙamshi?"